Kundin aiki: kyamarar da ke ƙirga motoci a mararraba

10 ga Fabrairu, 2025

Tambayoyi uku aka ɗora mana. Motoci nawa ne ke shiga mararrabar ta kowane ɓangare cikin kowane minti 15, waɗanne iri ne, kuma minti nawa mota ke ci kafin ta kai mararraba ta gaba. Masu gyara lokutan fitilun ba da hannu ne ke jiran amsa, domin a yanzu koriyar fitila kan daɗe a ɓangaren da babu kowa, alhali a ɗaya ɓangaren layin motoci ya miƙe har inda ido ba ya kaiwa.

Ƙirga motoci ya girmi kyamara nesa ba kusa ba. Akan zaunar da mutum a gefen titi da takarda da biro. Akan shimfiɗa tiyon roba a kan kwalta, duk tayar da ta taka shi iska ta bugi ɗan injin ƙirga, sai dai shi tayoyi yake ji, don haka tirela ɗaya tana iya fitowa a matsayin motoci biyu ko uku. Akan kuma tsaga kwalta a binne naɗaɗɗiyar waya, ƙarfen motar da ta hau kai ya taɓa maganaɗisun da ke kewaye da ita. Wayar nan tana da aminci, amma sai an tare hanya kafin a binne ta, kuma da mota ta wuce shi ke nan, ba ta san ko ta miƙe ko ta sha kwana ba. Kyamara ɗaya da aka ɗaga sama tana ganin ɓangarori huɗun gaba ɗaya.

Za mu dogara da OpenCV, tarin manhajojin sarrafa hoto da kamfanin Intel ya fara fitarwa a 2000, da kuma YOLO, manhajar gano abubuwa a hoto da Joseph Redmon da abokan aikinsa suka gabatar a 2015. Ni ne a kan manhaja, abokin aikina yana kan kyamarori da wayoyi, sai Injiniya, wanda ya yi furfura a aikin tsara hanyoyi. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk adadin da kwamfuta za ta ba mu, sai an gwada shi da ƙidayar da mutum ya yi da idonsa a kan bidiyon nan dai. Ya raba mana bidiyon safiya, rana, yamma da dare, kowa ya ƙirga nasa.

21 ga Fabrairu

Mun fara da dabara mafi arha. Kwamfuta ta haddace kamannin titi idan babu kowa, duk abin da ya saɓa wa wannan hoto ta ɗauke shi abu ne mai motsi. Masu bincike Stauffer da Grimson ne suka shahara da ita tun 1999, kuma akwai ta a shirye cikin OpenCV. Da tsakar rana, hanya a sake, ƙidayarta ta yi kusa da ta mutum.

Da rana ta karkata sai labari ya canja. Inuwar wata doguwar bas ta kwanta a layin da ke kusa da ita, ta haɗe da wata ƙaramar mota, kwamfuta ta zana su a dunƙule ta ƙirga ɗaya. Wanda ya fi wannan shi ne abin da ke faruwa a jar fitila. Motoci suna tsaye, ita kuwa manhajar tana ci gaba da koyon kamannin titi, sannu a hankali sai ta yarda cewa motocin nan ma titi ne. A allo kana kallon farin tabon da ke nuna mota yana zagwanyewa daga tsakiya har ya ɓace. Fitila na yin kore, motoci suka tashi, sai kwaltar da suka bari ta fito fari fes, wai ita ce sabon abu. Dabarar da ke makancewa a daidai lokacin cunkoso ba ta da amfani ga mai nazarin cunkoso. Mun koma YOLO.

6 ga Maris

YOLO ba ruwanta da motsi. Kowane hoto take kalla shi kaɗai, ta zana akwati a kan abin da ta gane, ta faɗi sunansa da gwargwadon tabbacinta, daga 0 zuwa 1. Mun ɗauki YOLOv8, wadda kamfanin Ultralytics ya fitar a farkon 2023. Mota a tsaye ko a guje duk ɗaya ne a wurinta, inuwa ma ba ta cika ruɗa ta ba.

Amma abin da aka koya mata ta sani. An horar da ita da tarin hotunan COCO, wanda masu bincike na Microsoft da wasu jami'o'i suka fitar a 2014, mai nau'o'in abubuwa 80. A cikinsu na kan titi su ne keke, babur, ƙaramar mota, bas, babbar mota da mutum. Babu babur mai ƙafa uku. Idan ya shigo, a hoto ɗaya ta kira shi mota, a na gaba babur, a na uku babbar mota. A-kori-kura da ta yi lodi har sama ita ma tana yawo tsakanin suna biyu. Sannan yawancin hotunan COCO daga ƙasa aka ɗauke su, daidai tsayin mutum, mu kuwa rufin mota muke gani.

Wani zai ce ina ruwan ƙidaya da suna, in dai an ƙirga. Injiniya ya amsa wannan tun kafin a tambaya. Masu tsara hanya ba sa haɗa tirela da babur su ce biyu. Kowane nau'i suna mayar da shi kwatankwacin ƙaramar mota: babbar mota tana cin gurbin fiye da ɗaya saboda tsayinta da nawar tashinta, babur kuwa bai kai ɗaya ba. Idan sunan ya karkace, lissafin nauyin da ke kan hanya ya karkace.

Don haka sai mun ƙara mata karatu da hotunan kyamararmu. Akwai tarin bidiyon hanya na jama'a, irin UA-DETRAC da aka ɗauka a biranen Beijin da Tianjin na ƙasar Sin, daga saman gadoji, kuma ya taimaka wajen kusurwar kallo. Sauran sai da hannu. Aikin zana akwatuna aiki ne mai cin ido da wuya, kuma inda gardama take ba a zanen ba ne, a ƙa'ida ne. Motar da rabinta ya ɓuya, iya abin da ake gani za a zana ko har da ɓoyayyen? Tirela da kanta akwati ɗaya ne ko biyu? Motar da ake ja fa? Mun rubuta ƙa'idojin a takarda ɗaya kowa ya manna a gabansa, domin idan masu zane biyu suka saɓa, manhajar saɓanin take koya. Mun kuma ware bidiyon wasu ranaku gaba ɗaya don jarrabawa. Hotuna biyu da ke bin juna a bidiyo kusan abu ɗaya ne, in aka sa ɗaya a darasi ɗaya a jarrabawa, satar amsa ce kawai.

19 ga Maris

Gano mota a hoto ba ƙirga ta ba ne. Kyamarar tana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa. Motar da ta jira minti ɗaya a jar fitila ta bayyana a hoto 1,500. Dole kwamfuta ta san cewa wannan ta yanzu ita ce ta ɗazu. Tun da muka fara, nan ne na ga ainihin aikin yake.

Mun fara da SORT, wadda Alex Bewley da abokansa suka wallafa a 2016. Tsofaffin lissafi biyu ta haɗa. Na farko na Rudolf Kalman ne, na 1960, wanda har a tafiyar kumbon Apollo zuwa duniyar wata an yi aiki da shi: daga inda mota take da saurin da take yi, a yi hasashen inda za ta kasance a hoto na gaba, in hoton ya zo a gyara hasashen. Na biyu na Harold Kuhn ne, na 1955, mai haɗa aure tsakanin akwatunan da aka yi hasashe da waɗanda aka gani, ta yadda jimillar tazara za ta fi ƙanƙanta. Kowace mota ta sami lambar shaida da ke binta a allo.

Ga abin da muka kalla sau da yawa a wani guntun bidiyo na safe. Wata farar ƙaramar mota ta shigo daga gabas da lamba 212 a kanta. Tankar mai ta zo ta layin da ya fi kusa da kyamara ta rufe ta. Da farko ana ganin bayan motar, tabbacin manhaja yana sauka, 0.8, 0.5, 0.3, sai akwatin ya ɓace. Bayan daƙiƙa biyu hancinta ya ɓullo ta gaban tankar, da lamba 219. A takardar ƙidaya motoci biyu ke nan: ɗaya ta shiga mararraba ba ta fita ba, ɗaya ta fita ba a ga shigarta ba. Wani lokaci ma lambar ba ta mutuwa, tsalle take yi ta koma kan motar da ke kusa, sai rahoto ya nuna wanda ya miƙe ya sha kwana hagu.

DeepSORT, ta 2017, tana ƙara duba kamanni: launi da fasali. Ta rage matsalar, amma fararen ƙananan motoci daga sama duk kamarsu ɗaya, kuma tana cin ƙarfin kwamfuta. ByteTrack, ta 2021, ita ta fi yi mana. Hikimarta ƙarama ce. Sauran suna zubar da duk akwatin da tabbacinsa ya yi ƙasa, ita kuwa takan fara haɗa masu ƙarfin tabbaci, sannan ta dawo ta duba raunanan, ko akwai wanda ya faɗa daidai inda ake tsammanin motar da ta ɓace. Wannan 0.3 ɗin da ake rainawa sau tari shi ne gefen motar da tanka ta rufe.

Mun kuma canja yadda ake ƙirgawa. Maimakon layi ɗaya da za a ce duk wanda ya tsallake shi an ƙirga, mun shata yankin shiga da yankin fita a kowane ɓangare. Mota tana shiga lissafi ne idan sawunta ya fara a wani yanki ya ƙare a wani. Sawun da ya yanke a tsakiya ana ajiye shi gefe, a nemi wanda ya fara kusa da shi cikin ƴan daƙiƙoƙi a ɗinke su. Layi ɗaya yana da wata illar ma: motar da ta tsaya daidai kansa, akwatinta na rawa gaba da baya, tana iya shiga ƙidaya sau uku ba ta motsa ba.

27 ga Maris

An ɗaga kyamarar sama sosai, an kuma karkatar da ita ƙasa. Yanzu ana hango ƙananan motoci ta saman manya. Wannan hawa tsani ɗaya da abokin aikina ya yi ya rage yankewar sawu fiye da duk gyaran manhajar da na yi a makon. Kusurwa ta canja, don haka sai an sake zana wasu hotunan.

11 ga Afrilu

Gudu. A hoto, mita ɗaya da ke kusa da kyamara tana cin ɗigo da yawa (ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoton), ta nesa tana cin kaɗan. Maganinsa lissafi ne sananne: a sami maki huɗu a kan kwalta da aka auna tazararsu da tef, a nuna wa kwamfuta inda suke a hoto, ita kuma ta baje hoton ya koma kamar daga sama tsaye ake kallo. Mun yi amfani da kusurwoyin zanen tsallakar masu tafiya a ƙasa da bakin layukan fenti. Lissafin ya ɗauka komai a kan kwalta yake kwance, saboda haka ƙasan akwati ake bi, inda taya ta taɓa ƙasa. In aka bi tsakiyar akwati, doguwar bas sai ta fito kamar ta fi nisa, gudunta ma ya ƙaru.

Motar da ke kilomita 60 a awa tana cin mita 16.7 a daƙiƙa, wato kusan santimita 67 tsakanin hoto da hoto. In aka auna ta a tazarar mita 20, hoto 30 ke nan, kuskuren hoto ɗaya kuwa ya kai kilomita 2 a awa. Ya isa ga nazarin hanya. Bai isa a ci wani tara da shi ba, kuma ba aikinmu ba ne.

Abin da ya ɗauki lokaci shi ne agogo. Kyamarar da ke turo bidiyo ta intanet takan yar da hotuna idan layi ya yi nauyi, ba tare da ta faɗa ba. Idan manhaja ta ɗauka kowane hoto yana zuwa bayan kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa, sai motoci su riƙa yin tsalle, a ga babur yana gudun jirgi. Yanzu muna aiki da tambarin lokacin da kyamarar ke liƙa wa kowane hoto, kuma duk na'urorin suna saita agogonsu da tushe ɗaya ta NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet.

2 ga Mayu

Tambaya ta uku ba ta amsuwa da kyamara ɗaya. Don a san lokacin tafiya tsakanin mararraba biyu, sai an gane motar da aka gani can ita ce aka gani nan, kuma babu alamar da ta kai lambar mota.

Karanta lamba da kyamara ba sabon abu ba ne. A Birtaniya aka ƙirƙiro shi a 1976, a sashen binciken kimiyya na ƴan sanda, kuma harajin cunkoso da birnin Landan ya fara karɓa a Fabrairun 2003 a kansa ya dogara, haka ma na Stockholm da ya tabbata a 2007. Abin da ya canja shi ne arha. Abin da bai canja ba shi ne dokar haske.

Kyamarar ƙidaya ba za ta iya ba, lissafi ma ya nuna. Faɗin hotonta ɗigo 1,920 ne. In ta rufe layuka huɗu, kimanin mita 14, kowace mita ta sami ɗigo 137. Harafin lamba mai tsayin santimita 8 ya tashi da ɗigo 11 kacal, kuma bayan matse bidiyo da H.264, tsarin rage girman bidiyo, ya yi, abin da ya rage ɗan dishi-dishi ne. In aka mayar da kyamara kan layi ɗaya mai faɗin mita 3.5, harafin nan ya sami ɗigo sama da 40. Don haka kyamara daban, a ƙasa-ƙasa, tana fuskantar layi kusan kai tsaye.

Sai ƙiftawa, wato tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗe a kowane hoto. In ya buɗe na kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, motar da ke kilomita 60 a awa ta matsa santimita 33 kafin ya rufe. In kashi ɗaya cikin 1,000 ne, ƙasa da santimita 2. Kyamarar tsaro in aka bar ta da ra'ayinta, da duhu ya fara sai ta tsawaita buɗewar don hoto ya yi haske, ya yi wa mai kallo kyau, haruffa kuwa su shafe. Mun kulle ta a gajeriyar ƙiftawa, muka ƙara fitilar infirared mai nanomita 850, hasken da ido ba ya gani. Galibin allunan lamba an yi su da abin da ke mayar da haske inda ya fito. Hoton dare ya fito baƙi ƙirin, babu mota, babu titi, sai allon lamba yana ƙyalli shi kaɗai da haruffansa tar. Ban taɓa ganin mummunan hoto mai amfani irinsa ba.

Wajen karatun, mun gwada Tesseract, wadda aka fara a kamfanin HP a shekarun 1980, aka sake ta ga kowa a 2005. Ta iya shafin littafi, amma allon da ya karkace, ya yi ƙura, da kan kusa a tsakiyar harafi, ya fi ƙarfinta. Mun horar da wata ƙarama da ke karanta jerin haruffan gaba ɗaya. Rikicin dai shi ne wanda kowa ya sani: 0 da O, 8 da B, 5 da S, 1 da I. Jamus ta magance nata tun daga tushe, da salon rubutun FE-Schrift da ta wajabta a 2000, inda aka yanka sifili aka kuma bambanta kowane harafi yadda ba za a mayar da wani ya zama wani da ɗan fenti ba. Inda babu irin wannan, dabara biyu ke taimakawa. Ɗaya, sanin tsarin lambar, ina harafi yake zama ina adadi. Biyu, ƙuri'a: mota ɗaya tana ba da hotuna da yawa kafin ta wuce, a karanta duka, a kowane gurbi a ɗauki harafin da ya fi rinjaye.

16 ga Mayu

Ranar gardama. Abokin aikina ya nuna mana jadawalin gwaji: lamba, lokaci, wuri, da hoton kowace mota. Ya ce tun da an riga an sha wahalar karantawa, a ajiye, wata rana za ta yi amfani. Injiniya ya daɗe yana kallon allon, sannan ya sa yatsa a kan wata lamba da ta bayyana kowace safiya a kusan minti ɗaya.

"Wannan bawan Allah, yanzu mun san lokacin da yake fita daga gida," in ji shi. "Wa ya aike mu?"

"Ranka ya daɗe, ai ba mu san ko wane ne ba."

"Mu ne ba mu sani ba. Wanda jadawalin zai faɗa hannunsa fa?"

Ina bayan Injiniya a nan. Tambayar da aka ba mu ita ce ko motar nan ita ce waccan, ba ta wane ne ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta shimfiɗa ƙa'idar da ta dace ko'ina: a tara iya abin da buƙata ta kama, a goge shi in buƙatar ta ƙare. Lambar mota kuwa tana iya kaiwa ga mutum.

Shawarar farko ita ce a markaɗe kowace lamba da wani lissafi da ake kira SHA-256, ta zama dogon jerin haruffa da ba a iya juya shi baya. Lamba ɗaya kullum jeri ɗaya take bayarwa, don haka ana iya haɗa ganin farko da na biyu. Amma akwai rami. Lambar mota gajeriya ce. Ko da tana da gurbi 7, kowane gurbi yana ɗaukar ɗaya daga haruffa 26 da alƙaluma 10, duka-duka yiwuwar ba ta wuce biliyan 78 da ɗoriya ba, na'urar sarrafa hoto ta zamani kuwa tana markaɗa biliyoyi a daƙiƙa. Mai son ya san lambar ba sai ya juya komai baya ba, ya markaɗe duka ya gwada. Maganin shi ne a cuɗa mabuɗin sirri a cikin markaɗen, abin da ake kira HMAC. Kyamarorin biyu suna riƙe da mabuɗi ɗaya, ana canja shi kowace rana a shafe tsohon. Motar da ta wuce yau da gobe za ta bar jeri biyu da babu mai iya danganta su, har mu. Ainihin lambar da hotonta ba sa fita daga akwatin da ke jikin turken kyamara, ana goge su da zarar an markaɗe.

Abin da muka rasa shi ne sanin masu bin hanyar kullum. Ba a tambaye mu shi ba.

30 ga Mayu

Dare da ruwan sama. Fitilun gaba suna kashe wa kyamarar ƙidaya ido, jiƙaƙƙiyar kwalta kuma tana maimaita kowace fitila a ƙasa, har manhaja takan ga babura biyu inda mota ɗaya ce. Ɗigon ruwa ɗaya a gilashin kyamara ya shafe ɓangaren kudu na tsawon yamma guda. An sa mata ƴar rumfa. Hotunan darasinmu yawanci na rana ne, dole a ƙaro na dare. Kafin nan, rahoto zai riƙa fitowa da alamar gargaɗi a duk sa'o'in da haske ya yi ƙasa, kada wani ya ɗauki adadinsu daidai da na rana.

13 ga Yuni

Yau aka fara cin moriyar ƙidayar. Injiniya ya nemi tazarar lokacin da ke tsakanin mota da mota wajen tsallake layin tsayawa bayan fitila ta yi kore. Na farko yana ɓata lokaci, sai ya ga fitila, ya sa giya, ya saki burki. Na biyu da na uku ma haka, da ɗan sauƙi. Daga wajen na huɗu ko na biyar tazarar take daidaita. Littafin Highway Capacity Manual na Amurka, wanda aka fara bugawa a 1950, ya ɗauki ƙananan motoci 1,900 a awa a layi ɗaya a matsayin tushe a manyan birane, wato mota ɗaya duk daƙiƙa 1.9. Da agogon hannu akan auna wannan a zagaye kaɗan, wato daga koren fitila zuwa dawowar koren, a haƙura. Yanzu muna da shi a kowane zagayen fitila, kuma ana gani ƙarara yadda tirela ɗaya a gaban layi ke cinye rabon na bayanta.

Ya kuma zana mana lissafin F. V. Webster na 1958, na tsawon zagayen fitila: a ninka lokacin da ke salwanta a zagaye sau ɗaya da rabi, a ƙara daƙiƙa 5, a raba da abin da ya rage in an cire nauyin mararraba, wato kason da motocin da ke zuwa suka ci daga iya abin da hanya za ta iya wucewa da shi, daga 1. Idan lokacin da ke salwanta daƙiƙa 12 ne, nauyi kuma 0.7, zagaye zai kama daƙiƙa 77. Idan ƙidaya ta kumbura nauyin ya koma 0.85, zagaye ya haura daƙiƙa 150. Farar motar nan ta watan Maris da ta zama 212 da 219, in irinta suka yi yawa, haka za su ninka wa jama'a jira a jar fitila.

Lokacin tafiya shi ma ya fara fitowa. Ba sai an karanta kowace lamba ba, kaso mai kyau ya wadatar, muddin ba nau'in mota ɗaya ake ta rasawa ba. Wanda ya tsaya a hanya ya yi harkarsa sannan ya ci gaba yakan bar adadi mai tsawo da ke jan matsakaici sama, don haka muna jera lokutan mu ɗauki na tsakiya.

Wani abu da ba mu nema ba: da muka zana sawun motoci, nisa a gefe ɗaya lokaci a ɗaya, sai ga wata igiyar tafiyar hawainiya tana komawa baya, nesa da fitila, babu hatsari babu rami. Yuki Sugiyama da abokansa sun nuna irinta a Japan a 2008, da motoci 22 a da'ira mai tsawon mita 230. An ce kowa ya riƙe kilomita 30 a awa, amma ɗan taka burkin mutum ɗaya ya girma har wasu suka tsaya cik, cunkoson yana tafiya baya da kimanin kilomita 20 a awa. Na karanta wannan tuntuni, ganinsa a bayananmu daban ne.

27 ga Yuni

Mun mayar da lissafin duka cikin ƙaramar kwamfuta ta Nvidia Jetson a jikin turke. Bidiyo mai megabit 4 a daƙiƙa yana tara gigabait 43 a rana daga kyamara ɗaya. Abin da ke fita yanzu layukan rubutu ne: lokaci, ɓangaren shiga, ɓangaren fita, nau'i, gudu. An ƙanƙanta manhajar don ta iya bin hoto 25 a daƙiƙa, za a sake jarraba ta da ƙidayar hannu a ga abin da ƙanƙantawar ta ci. Zafi a cikin akwati yana sa na'urar rage gudu da kanta da tsakar rana, abokin aikina yana neman fanka da inuwa.

Babura ne suka rage. Ba sa bin layi, suna kutsawa tsakanin motoci su taru a gaba, fitila na yin kore su tashi a dunƙule, akwatunansu a kan juna, lambobin shaida suna musanya. Lissafin da aka gina a kan mota bayan mota a layi ɗaya bai san da su ba. Injiniya yana son a auna su da faɗin bakin mararraba maimakon layi, a kuma fitar da kwatankwacinsu na ƙaramar mota daga bayananmu maimakon a aro daga littafi. Wannan yana buƙatar a zana akwatunan tarin babura ɗaya bayan ɗaya a bidiyon safe, har da na ranakun ruwa. An raba bidiyon yau, nawa ɓangaren arewa ne.